Alhaji Garuba Ya Yi wa Kansa Awon Bijimi

Tumbin Alhaji Garuba suna gare shi. Mutanen zangon Sokode suna ce masa Blitta, don a garin Blitta jirgin ƙasa ke tuƙewa: duk abin da aka ɗoro, can ake sauke shi, ba ya wucewa gaba. In ya nufo kara, wato kasuwar shanu, sai ka ji mahauta na cewa, "A ba da hanya, Blitta ta iso, Alhaji na tafe a baya." Shi ko a jikinsa. Shafa abinsa yake yi, ya ce wanda ba shi da rumbu shi ke zagin rumbu.

Fatoma ne, ɗan fatoma. Makiyaya su koro shanu daga arewa su sauka gidansa, ya ba su tabarma da tuwo, ya tsaya musu a ciniki. Wannan sana'a da amana ake yin ta, kuma tushen amanar gidansu na can rugar Hammajoda, a dajin Tandjouaré, kusa da Dapaong. Ubansa Issa ne ya ƙulla ta da uban Hammajoda, su kuma suka gada. Duk Bafillacen da ka gani a zauren Garuba, don Hammajoda na sauka nan ne ya sauka.

To, kowace shekara in damina ta yi nisa, nono ya wadata, Garuba kan tafi gaisuwa ruga ya yi 'yan kwanaki. Mahaifiyar Hammajoda, wadda babba da yaro ke kira Daada, ta tuƙa tuwon gero, ta narka man shanu ta cika ƙwarya har tuwon na iyo, ta ajiye masa, ta zauna bakin bukka tana kallo. Safe da yamma haka. Shi ubansa Issa bai yi jinya ba, yana tsakar ciniki ya dafe ƙirji ya zauna, shi ke nan. Amma tun kafin ranar ya sha gaya wa ɗansa: "Ƙwaryar Daada, kada ka taɓa mayar da ita da saura. Ran da ka bar saura, ka bar amana." Garuba kuwa ya riƙe wannan magana fiye da yadda ya riƙe wasu surorin.

A shekarun casa'in ne, lokacin da shingen sojoji a hanyar arewa ya fi gidan mai yawa, Alhaji ya fara haki. Daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya gaisawa da mutanen da ba ya shiri da su, don dai ya huta. Ran da matarsa Shetu ta gan shi ya dafe ƙirji daidai inda ubansa ya dafe, ba ta nemi shawararsa ba. Mayafi ta ɗauka ta tasa shi gaba sai lopital, wato asibiti.

Likitan wani saurayi ne siriri kamar tsinken tsire. Ya ɗebi jini, da suka dawo ya ɗaga 'yar kwalbar a haske. Ƙasa ja, sama kuwa wani fari-fari ya taso kamar afarari a kan madara.

"Alhaji, ka ga wannan na saman? Kitse ne."

"Masha Allah," in ji Garuba.

"Ba wurin masha Allah ba ne, Baba. Ka san yadda maiƙo ke toshe magudanar mayanka? Haka yake liƙewa a jijiyoyin jini. Ran da ya toshe ta zuciya, ba a sallama."

Shetu ta ce, "Gaya masa, ɗana. Ni bakina ya tsufa a kan maganar nan."

Likita ya ciro wani ɗan kwali. Ya ce kitsen nan wani ta baki yake shiga, amma mai yawa hanta ce ke ƙera shi da kanta. Ƙwayar nan hanta take zuwa ta rage mata ƙira. In hanta ta ga kayan aiki sun yi mata kaɗan, sai ta riƙa janyo wanda ke yawo cikin jini. Guda ɗaya, kafin kwanciya. Tunda ta hanta take bi, a dawo a duba hantar. In naman jiki ya kama ciwo ko fitsari ya yi duhu, a daina sha a zo. Sannan tozo, kayan ciki, man shanu, a ja musu layi.

Duk wannan bayani, kun san abin da ya shiga kunnen Alhaji? Suna fita ya ce, "Kin ji ko, Shetu? Shekara da shekaru kina zargin bakina. Ashe hanta ce munafukar."

"Ita hantar a maƙwabta take kwana?"

Shetu dai ta kama aiki. Kwalin magani ya koma cikin kwallarta, kullum ta miƙa masa guda ta tsaya sai ya haɗiye. Miya ta koma kuka da kuɓewa, maiƙo sai dai ya hango a tukunyar maƙwabta. Ya yi fushi, ya yi rantsuwa, har ya ce zai kai ƙara wurin liman. Amma da suka koma lopital aka ce jini ya fara washewa, hanta kuma lafiya lau. Maganin na aiki. Da nan labarin ya tsaya, da ba ni da abin ba ku.

Sai damina ta yi nisa.

Shetu ta ce, "Alhaji, in ka je ka gaya wa Daada gaskiya. Tsohuwa ce mai hankali."

"In ce mata me? Fatoma ya lalace? Ke ba ki san Fulani ba. Yadda suke duban sa haka suke duban mutum. Su ga ɗingishi kaɗan, sun canja igiya. Kuma ga maganar Baba."

"Baban da ya faɗi a kara?"

"Ajali ne."

Ya fita ya zauna ƙarƙashin rumfarsa a kara, zuciya ba daɗi. Ga makiyaya can suna yi wa shanu ɗurar maganin tsutsa, abin da ya gani sau dubu. Ɗan maraƙi a ɓallo masa rabin ƙwaya. Karsana guda. Bijimi kuwa a danne shi, a buɗe baki a tura uku ko huɗu, gwargwadon jikinsa. Kuma ba a jira sai dabba ta kwanta, tun kafin ta shiga sabuwar ciyawa ake ba ta. Alhaji ya dubi bijimin, ya dubi Blitta, ya tuna likitan nan mai wuyan balbela.

"La ila," in ji shi. "Yaron nan da jikinsa ya auna mini."

Daga nan sai farmasi. Ya sayi nasa kwalaye, ya cire ƙwayoyin ya cusa a naɗin hularsa, inda hannun Shetu ba ya kaiwa. Ta ba shi guda, ya zaga ya ƙara uku. Tun saura makonni a tafi ya fara, kamar yadda ake yi wa bijimi. Ya kuma yanke cewa a ruga, bayan kowace ƙwarya zai bi da biyu, su wanke abin da ya shiga.

Ya isa ruga cinyoyi na yi masa tsami, ya ce mota ce. Hammajoda ya taro shi, dogo, sanda a kafaɗa.

"Kaɗo, me ya sami Blitta? Na ga kamar an rage jiragen."

"Bafillace, kai da iska ke kaɗawa, ina ka san ƙiba?"

Daada ta fito tana dogara sanda, ba haƙori ko ɗaya, amma harshen nan kamar aska. Ta latsa hannunsa ta ce, "Ɗan Issa, matarka ganye take ba ka? Zauna." Ƙwarya ta zo. Man shanu na ƙyalli, tuwo na lilo a tsakiya. Ya yi bismilla ya share, ya lashe yatsu, ya ce zai kama ruwa, ya zaga bayan bukka ya tuɓe hula.

Kwana biyu haka, na uku jiki ya ce bai yarda ba. Cinyoyi da kafaɗu kamar an sa shi a turmi. In ya tsuguna, fitsarin kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ya tuna likita ya ambaci wani abu mai kama da haka, amma ya ce a ransa ai kitsen ne ke narkewa yana fita.

Hammajoda ya tsaya yana kallon tafiyarsa daga baya, kai a karkace. Sai ya matso, ba sallama, ya sa yatsa ya ja masa fatar ido ƙasa.

"Kai, mene ne haka?"

"Farin idonka ya yi rawaya. Hanta ce. Da sa ne kai, da yau na kai ka kasuwa tun gari bai sani ba."

"Goro ne."

"Goro a ido?"

Daada ta ce, "Ku rufe mana baki. Yunwa ce. Yaron nan ya zo a wahale." Ta shiga ta fito da wata ƙwarya wadda ko wankan jariri za a yi a ciki, ta ɗora curin ɗanyen mai a kai. Garuba ya dube ta, ya dubi ƙwaryar, ya tuna ubansa. Ya ci. Allah ya sani ya ci, hawaye na taruwa, Daada na cewa, "Ka gani? Har kuka yake don daɗi." Ya rarrafa bayan bukka, wannan karon uku ya watsa.

Da azahar aka yi jam'i a gindin ƙirya. A raka'ar ƙarshe Alhaji ya tafi sujada. Aka ɗago, aka yi tahiya, aka sallame, aka shafa fatiha, Alhaji na nan goshi a ƙasa. Fulani suka dubi juna. Wani dattijo ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kai, kaɗon nan ya yi nisa. Mu muna nan muna bin saniya."

Can sai murya ta fito daga ƙasa: "Hammajoda, in ka gama sha'awar ibadata, zo ka ɗaga ni."

Mutum huɗu suka kama. Wajen ɗagawa hula ta faɗi, ƙwayoyi suka watse a kan buzu kamar an ɓare wake.

A amalanken jaki aka kai shi bakin titi, aka tsayar da kamiyo, babbar motar ɗaukar shanu, aka shimfiɗe shi a baya, tsakanin ƙafafun bijimai. A shingen shiga Dapaong wani soja ya hau yana duba kaya da takarda, sai ya ga mutum kwance da babbar riga.

"Wannan fa? Ba ya cikin takarda."

Hammajoda ya ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne, komanda. Ya lalace."

Likitar da ta karɓe su a Dapaong mace ce, Memounatou, 'yar zango, Hausa a bakinta tas. Hammajoda ya zube mata ƙwayoyin da ya tsinto. Ta tambayi guda nawa aka ce ya sha.

"Ɗaya," in ji Garuba.

"Kai kuma nawa kake sha, Baba?"

Ya yi mata bayanin maraƙi da karsana da bijimi, tsaf, har da maganar sabuwar ciyawa. Ta ce tana zuwa. Ta fita baranda, aka jiyo wani sauti kamar an shaƙe kaza, ta dawo tana share ido.

"Baba, hanta ba ta san girman tumbi ba. Duk ƙwayar da ka haɗiya ita ke aikin sarrafa ta. An ce ka aika mata baƙo ɗaya, ka tura mata kasuwa guda. Abin ya fi ƙarfinta, sauran ya bi jini ya faɗa wa naman jikinka. Naman ne ke zagwanyewa, shi ka gani a fitsari, kuma da ka ƙara kwana biyu da ya toshe maka ƙoda. Maganin ba shi da laifi, mutane da yawa na shan ɗayansu lafiya. Yanzu za mu tsayar da shi, mu sa maka ruwa. In hanta ta huce, a auna, ka koma kan ɗayanka. Kuma ba sabulu ba ne, da za ka ci mai ka bi da shi ya wanke."

Hammajoda na tsaye jikin ƙofa, duk ya ji. Fuskarsa ba wasa yanzu.

"Wato in ka ci abincin uwata, zagawa kake yi ka sha maganinsa."

"Hamma, tsaya ka ji..."

Bai tsaya ba. Ya saɓa sandarsa ya fita, ko sai an jima babu.

Shetu ta iso daga Sokode washegari da faɗanta cike da baki, amma da ta ga yadda ya zuba wa ƙofa ido sai ta haɗiye rabi. Fitsari ya fara washewa, ido ya fara fari, cinyoyi suka saki. Daga ruga kuwa shiru. Ko nono ba a aiko ba. Alhaji ya daina tsokanar masu jinya, ya daina ƙorafin kunu. Ya ce da Shetu, "Abin da Baba ya gina, na rushe shi da hula."

Ran kasuwar Dapaong da hantsi sai ga ƙarar sanda a baranda. Daada ce, wadda rabonta da gari tun ana kashe kuɗin da ba a kashewa yanzu. Hammajoda na biye da ita, ɗauke da ƙatuwar ƙwaryar nan an rufe da faifai. Ɗakin ya yi tsit, har mai tari ya dakata.

Garuba ya yunƙura ya zauna. "Kawo, Daada. Zan cinye. In mutuwa ce, a kan amana na mutu."

Shetu ta miƙe. "Wallahi sai dai a bi ta kaina. Ki yi haƙuri, Inna, amma..."

"Zauna, 'yar nan," in ji Daada. Ta yaye faifan.

Ba tuwo, ba mai. Ƙore ne a ciki, wata cikin wata. Ta riƙa ciro su tana jerawa a kan gado, daga babba har zuwa wata 'yar ƙarama, baƙa don tsufa, wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ta ɗaga ta.

"Da wannan na fara ba ubanka, ina amarya. Ya lashe tas. Na shiga bukka na yi kuka, na ce baƙo ya zo gidanmu bai ƙoshi ba. Mu a wurinmu baƙo ya rage saura, shi ne ya ce alhamdu lillahi, gidan nan da albarka. Wata shekara na sake ƙwarya. Ya lashe. Na sake. Ya mutu bai taɓa ce mini ya ƙoshi ba, ya turo ka. Dubi hannuna. Kaɗa nono ya tanƙwara shi. In an ce kana tafe, 'yan maruƙa ma ramewa suke yi."

Garuba ya buɗe baki. "Amma Baba cewa ya yi, ran da na bar saura..."

"Issa? Issa makwaɗaici ne, Allah ya jiƙansa. Ya ɗauki kwaɗayinsa ya naɗa masa rawani ya bar maka gado."

Wani majinyaci a gadon gefe ya tuntsire, ɗinkinsa ya tuna masa, ya koma salati.

Daada ba ta yi dariya ba. "Wannan duk na yafe, wautar gidanku ce. Abin da ya tsaya mini shi ne bayan bukka. Na ba ka da hannuna, ka je ka sha magani kamar guba na ba ka. Bakinka ciwo yake da ba za ka ce, Daada, ba ni da lafiya ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Tsoro na ji. Na ce in kun ga na lalace, za ku canja masauki."

"Haka muke? Saniya ta yi ciwo sai mu rabu da ita?"

"E mana, sayarwa muke yi," in ji Hammajoda.

Sanda ta sauka a ƙwaurinsa. "Ban da ta gado, marar kunya! Ta gado ko ƙafa uku gare ta a garke take mutuwa." Ta nuna Garuba da haɓa. "Wannan kaɗon na gado ne. Da wautarsa muka same shi."

Hammajoda na mulmula ƙwauri ya ce, "Ni dama ko na kai shi kasuwa ba mai tayawa."

Alhaji ya kama gefen riga yana goge hanci.

Daada ta karɓi gora daga hannun ɗanta, ta tsiyaya cikin 'yar baƙar ƙwaryar. Tsala ce, nonon da aka kaɗe aka kwashe mansa. Shetu ta leƙa ta kira Memounatou, ita ma ta leƙa ta ce wannan kam a sha.

Ya kafa kai. Kun san hali zanen dutse: maƙogwaro na tafiya, ƙwarya na ɗagawa, gindinta ya fara kallon rufi. Shetu ta yi gyaran murya. Daada ta gyara riƙon sanda. Sai ya tsaya cak, ya sauke ƙwaryar a hankali kamar mai rabuwa da ɗa. Ɗan farin nono na kwance a ƙasa, bai fi cokali uku ba. Ya dube shi, ya kau da kai.

"Na ƙoshi, Daada."

"Ƙarya kake yi," in ji ta. "Amma haka ake cewa."

Da hanta ta huce aka mayar da shi kan ƙwaya ɗaya, daga hannun Shetu, kuma sai ya tuɓe hula ta zazzage kafin ya kwanta. Da kaka Hammajoda ya koro shanu ya sauka zaurensa, sauran Fulani na biye. Mahauta suka dubi tumbin suka ce wannan ai bai kai Blitta ba yanzu, sai dai Pagala, 'yar tashar da jirgi ke tsayawa kafin Blitta. Ƙatuwar ƙwaryar kuwa Daada ta ba Shetu, a ciki take jiƙa wanki.